Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Mu Tambayi Tsofaffinmu Su Wane Ne a Cikin Hotunan Nan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda tsofaffin hotunan gidajenmu suke lalacewa a cikin akwatuna, da yadda dattawan da suka san mutanen da ke cikin hotunan suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an zauna an tambaye su ba. Zan kafa hujja da mutanen wata ƙasa mai nisa da mu, wato Ayilan, domin sun riga mu shiga irin halin da muke dosa, kuma hanyar da suka bi suka tsira da tarihin gidajensu hanya ce da ba ta fi ƙarfin Bakatsine ba.

Ayilan tsibiri ne da ke yamma da Ingila. A ƙidayar da aka yi a 1841 mutanensa sun haura miliyan 8, kuma yawancin talakawansu da dankalin Turawa suka dogara. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin ta riƙa ruɓar da shi tun yana cikin ƙasa, aka shiga yunwar da ta kai har wajen 1852, inda kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wani miliyan ɗin kuma suka hau jiragen ruwa zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Ƙaurar ba ta tsaya da ƙarewar yunwar ba, an ci gaba da ita shekaru da dama, har ta kai yau mutum sama da miliyan 30 a Amurka suna cewa jinin Ayilan ne su, alhali mazauna tsibirin gaba ɗaya ba su wuce kimanin miliyan 7 ba. Wanda ya tafi a wancan zamani da wuya ya sake ganin iyayensa. Abin da ya rage tsakaninsa da gida shi ne wasiƙa, da ɗan kuɗin da yake aikowa, da kuma hoton da ya je shago ya ɗauka sanye da kwat mafi kyau da ya mallaka don a san yana cikin rufin asiri. Jikokin waɗannan mutane ne suke sauka Dublin, babban birnin Ayilan, a yau, kowa riƙe da tsohon hoto da sunan wani ƙauye da ya ji a bakin kakarsa, yana neman gidan da aka fito.

Babban abin da ke tare musu hanya shi ne gobara. A ranar 30 ga Yuni, 1922, wato shekarar da aka buɗe Kwalejin Katsina, a farkon yaƙin basasarsu, wuta ta cinye babbar ma'adanar takardun gwamnati da ke harabar kotunan Dublin, inda aka tara takardun kusan shekara ɗari bakwai. Takardun ƙidayar 1821 da 1831 da 1841 da 1851 sun ƙone sai ɗan abin da ba a rasa ba, na 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati da kanta ta riga ta lalata su tun kafin gobarar. Wasiyyoyin mamata da littattafan majami'u da yawa da aka kai wurin ajiya duk sun tafi. Abin lura shi ne, littattafan cocin Katolika, waɗanda ba a tattara su wuri guda ba, aka bar su a hannun limamansu a garuruwa, su ne suka tsira, kuma a 2015 babban ɗakin karatu na ƙasar ya ɗora hotunansu a intanet kowa ya duba kyauta. A 2022, shekara ɗari cif bayan gobarar, masana suka ƙaddamar da wata ma'adana a intanet wadda suka gina da kwafe-kwafen da aka taɓa yi na takardun da suka ƙone, waɗanda suka tsinto a Landan da wasu wurare. Abin da aka adana a wuri ɗaya tak ya salwanta, abin da wani ya taɓa kwafa ya ajiye a wani wuri shi aka samu.

Da yake takarda ta yi musu ƙaranci, dole ta sa suka koma ga abin da ke cikin gida. Duk mai taimaka wa masu neman asali a can, shawararsa ta farko ita ce kada mutum ya fara da kwamfuta, ya fara da wanda ya fi kowa tsufa a danginsa, ya shimfiɗa masa hotuna ya yi ta tambaya. Abin da ake so a samo a bakin tsoho shi ne sunan ɗan ƙaramin yankin da aka fito, domin ƙasar a rarrabe take zuwa ƙananan yankuna sama da dubu 60, kowanne da sunansa, wani bai wuce 'yan gonaki da gidaje goma ba. Idan aka samu wannan suna sai a duba littafin kimanta filaye da gidaje da aka yi tsakanin 1847 da 1864 don sanya haraji, wanda ya lissafa sunan mai riƙe da kowane gida da kowace gona, sannan a duba ƙidayar 1901 da ta 1911 da suka tsira. Shi kansa hoton ana yi masa karatun ta-natsu: a duba hatimin mai hoto a bayansa don sanin garin da aka ɗauka, a duba ɗinkin riga da kitson mace don kintatar shekarar, a duba ginin da ke bayan mutanen. Ɗakin karatun da na ambata yana riƙe da tarin hotunan garuruwan ƙasar kusan dubu 40 da aka ɗauka a kan farantan gilashi daga wajen 1870 zuwa 1914, kuma ya riƙa ɗora waɗanda ba a san inda aka ɗauke su ba a intanet, jama'ar gari suna gane titi ko shago suna faɗa.

Akwai wani labari nasu da duk Bahaushen da ya ji shi zai ce ai mu ma haka muke. A 1908 aka yi dokar ba wa duk wanda ya kai shekara 70 fanshon da ya kai sule biyar a mako. To amma sai a 1864 aka fara rajistar haihuwar kowa da kowa a ƙasar, saboda haka babu tsohon da ke da takardar haihuwa. Sai aka riƙa tambayar tsofaffi ko sun tuna daren babbar guguwa, wato wata iska mai tsanani da ta rusa gidaje a daren 6 ga Janairu, 1839, domin wanda ya tuna daren nan lalle ya kai saba'in. An kuma riƙa aikawa Dublin a duba sunan mai nema a ƙidayar 1841 da 1851, a cike masa wata takarda, kuma waɗannan takardun neman fansho suna cikin abin da ya rage a yau na ƙidayar da ta ƙone. Mu ma da irin wannan ma'auni iyayenmu suke ƙirga shekaru. Wani zai ce mahaifinsa ya ga yunwar Kakalaba, wato 1913 zuwa 1914, wata ta ce an haife ta shekarar da Sarki Dikko ya rasu, wato 1944, wani ya ce an yi masa kaciya shekarar da Sarauniya ta zo Kaduna, wato 1956, wata kuma ta ce tana da cikin fari lokacin canjin kuɗi na 1973. Wannan lissafi daidai yake, sau da yawa ma ya fi takardar rantsuwar shekaru da ake yankowa a kotu gaskiya, illa dai yana bukatar wanda zai saurare shi ya mayar da shi lamba tun mai maganar yana raye.

Abin da ya fi burge ni a cikin duk ayyukansu shi ne wanda suka sa yara suka yi. A 1935 gwamnatinsu ta kafa hukumar tattara al'adu da labaran gargajiya, daga 1937 zuwa 1939 kuma hukumar ta haɗa kai da makarantun firamare kusan dubu 5, aka ba yara sama da dubu 50 aikin gida cewa kowa ya je ya zauna da kakansa ko tsohon maƙwabcinsa ya rubuto abin da ya ji: tatsuniyoyi, da magungunan gargajiya, da sunayen gonaki da rijiyoyi, da yadda ake biki, da abin da aka tuna na zamanin yunwa. An tara shafi kimanin dubu 740, kuma a ƙarƙashin labarai da yawa yaron ya rubuta sunan tsohon da ya ba shi da shekarunsa da unguwarsu. Littattafan suna nan a jami'a a Dublin, an kuma ɗora su a intanet, har mutum yakan buga sunan ƙauyensu ya ci karo da rubutun hannun kakarsa tana 'yar shekara goma sha biyu. Ƙasar matalauciya ce a lokacin, kuma aikin bai ci komai ba illa littafin rubutu da alƙalami da malamin da ya ɗauki abin da muhimmanci.

Ba na cewa duk abin da tsoho ya faɗa yankan wuƙa ne. Mace ta farko da aka yi wa rajista a tashar karɓar baƙi ta tsibirin Ellis a New York, ranar 1 ga Janairu, 1892, wata yarinya ce 'yar Ayilan mai suna Annie Moore. An shafe shekaru ana ɗauka ita ce wata mai irin sunan da ta rasu a jihar Texas, zuriyar waccan kuma sun gaskata haka da zuciya ɗaya, sai a 2006 masu bincike suka gano da takardu cewa ta ainihin ba ta taɓa barin New York ba, a can ta rasu a 1924. Labarin baka yana nuna hanya, amma sai an gwada shi da hoto da takarda da bakin wani tsohon dabam. Idan kuma aka yi binciken da gaskiya yakan fito da abin da ba a zata ba. Shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali, ta wajen mahaifiyarsa, tattaɓa-kunnen wani mutumin garin Ennis na Ayilan ne mai suna Abe Grady wanda ya yi ƙaura zuwa Kentucky, kuma a 2009 Ali ya ziyarci garin, mutanensa suka fito suka tarbe shi a matsayin ɗan gida. Haka Barack Obama ya je ƙauyen Moneygall a 2011, inda ɗaya daga cikin kakanninsa na can baya ya baro a 1850.

Yanzu mu dawo gida. Idan mutanen da ke da littattafan baftisma da duwatsun kabari masu suna da sunan dangi da ba ya canzawa suna kukan rashin shaida, mu me za mu ce? Mu ba mu rubuta suna a kabari, yawancin haihuwar da aka yi kafin 'yancin kai ba a rubuta ta ko'ina ba, sunan mahaifi da muke ɗorawa a kan namu yana canzawa daga tsara zuwa tsara, wasu kuma da suka shiga makarantar boko sunan garinsu aka laƙaba musu. Ga kuma al'adar mayar da suna, inda za ka tarar da Muhammadu huɗu a gida ɗaya, ana kiran wannan Abba, wancan Baba, ba wanda ya san sunan yankansu sai uwayensu. Kuma mu ma mutanen tafiya ne. Fataucin goro ya kai Katsinawa Gwanja da zangunan Kumasi da Akara, tafiyar Hajji a ƙasa ta zaunar da dubban mutanenmu a Sudan, wasu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, jihadi ya raba gidaje tsakanin Katsina da Maraɗi, wasu kuma an ɗebe su soja zuwa Bama a yaƙin duniya na biyu. Da wuya ka sami tsohon gida a Gafai ko Masanawa ko Rafindadi da ba a ce wani kawu ya tafi gabas bai dawo ba. Zuriyar waɗannan mutane suna nan, wata rana kuma za su zo neman gida kamar yadda jikokin 'yan Ayilan suke yi, ko dai su tarar da wanda zai gane hoton da ke hannunsu ko su koma da shi haka.

Na gwada wannan aiki a gidanmu, shi ya sa nake magana da ƙarfin gwiwa. Na kai wa goggona, ƙanwar mahaifina, wani hoto da muka tsinta a ƙasan adakar marigayin, gara ta ci kusurwa ɗaya, mutum bakwai ne a ciki a ƙofar wani zaure, da keke jingine a bango. Ta karɓa ta matsa bakin ƙofar ɗaki inda haske yake, ta kawo shi dab da idonta, ta daɗe ba ta ce komai ba. Da ta fara magana sai ta bi su da yatsa. Na tsakiya ta ce yayanta ne, na kusa da shi ta gane shi da askar da ke kumatunsa, ta ce ba ɗan gidan ba ne, almajirin kakanmu ne da aka aurar wa 'yar gida, kuma daga gare shi ne dangin da muke da su a Jibiya suka fito, abin da ni ban taɓa ji ba. Da ta zo kan na ƙarshe sai ta kau da kai ta ce, "Wannan ai ka san shi." Mijinta ne, kuma ko bayan rasuwarsa ba za ta kama sunansa ba, haka ma ɗanta na fari da ke tsugune a gaba, sai da na kira wata jikarta ta faɗi sunayen ita kuma ta gyaɗa kai. Shekarar kuwa ba ta yi wata-wata ba, ta ce an ɗauka ne da ƙaramar Sallar da ta biyo bayan azumin da aka kashe Sardauna, wato farkon 1966. A zama ɗaya hoton da ba shi da amfani ga kowa ya zama shaida mai suna bakwai da shekara da unguwa. Duk wanda zai yi irin wannan aiki ya san cewa kunya da kara za su hana tsohuwa faɗin wasu sunaye, saboda haka ya tafi da abokin wasanta, jika ko taubashi, wanda zai iya faɗar abin da ita ba za ta faɗa ba.

Na san akwai masu ƙyamar wannan magana, kuma ba na raina dalilansu. Wasu suna ganin ajiye hoto bai dace da addini ba, har akwai gidajen da ake ƙona hotunan mamaci bayan sadakar bakwai. Wannan fage ne na malamai, kuma ba ina kira a rataye hotuna a bango ba ne. Abin da nake roƙo shi ne, wanda ya yanke shawarar rabuwa da hoto, ya fara rubuta sunayen da ke cikinsa da dangantakarsu a takarda kafin ya rabu da shi. Wasu kuma suna tsoron kada neman asali ya zama alfahari da gori, wannan ma tsoro ne mai tushe a garin da har yanzu ake fasa aure saboda an ce kakan wane bawa ne ko Bamaguje ko mai wata sana'a. Amma Alƙur'ani a cikin Suratul Hujurat ya ce an sanya mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna, hadisi kuma ya zo da umarnin mu koyi abin da za mu sada zumunci da shi daga nasabarmu. Mutanen Ayilan da suke bincike yawancinsu ba sarauta suke tararwa ba, 'yan ƙodago suke tararwa da masu aikatau da waɗanda aka kora daga gona saboda sun kasa biyan haya, kuma suna rubuta su da girmamawa. Wanda zai goge kakarsa daga lissafi saboda ƙwarƙwara ce, ko ya ƙirƙiro wa kansa kaka daga Makka ko Masar, gara ya bar aikin. Ga kuma amfanin da kowa ya sani, duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gadon tsohon gida ko gonar da aka bari shekara hamsin ba a raba ba ya ga yadda rashin sanin wa ya haifi wa yake raba zumunci ya kai 'yan'uwa gaban alƙali.

Saboda haka ina kira ga magidanta da matasa masu wayoyi a hannu su fito da abin da ke cikin akwatuna: hotuna, da tsohon fasfon Hajji, da rasit ɗin haraji da na jangali, da littafin sallamar soja, da takardun aikin En'e, da abin da malamai suka rubuta da ajami a bangon littattafansu na ranar haihuwar 'ya'yansu. A rubuta sunaye a bayan hoto da fensir, domin tawadar biro tana huda takarda ta ɓata fuska. A rubuta sunan yanka da laƙabi da unguwa. A naɗi muryar tsoho da izininsa, a ɗauki hoton kowace takarda a aika wa 'yan'uwa biyu ko uku a garuruwa dabam-dabam, kada a bar ta a waya ɗaya da za a iya sacewa gobe. Hotunan iyayenmu mata kuwa amana ne, a ajiye su a cikin dangi, ba sai an watsa su a Facebook ba.

Ina kuma kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Katsina da Hukumar Tarihi da Al'adu su dubi aikin da yaran Ayilan suka yi a 1937, su gwada shi ko da a zangon karatu ɗaya ne, tun daga Daura zuwa Funtuwa. Kowane ɗalibin aji shida ko na ƙaramar sakandare ya rubuto, da Hausa, abin da wani tsoho ya gaya masa game da kafuwar unguwarsu da sunayen kakanninsa da inda suka fito, ya sa sunan tsohon da shekarunsa a ƙasa. Sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua zai iya tsara tambayoyin ya kuma adana kwafi, gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina ya adana wani, a kai na uku Gidan Arewa a Kaduna, garin da ma'adanar takardu ta ƙasa take riƙe da rahotannin gundumominmu na zamanin Turawa da za a iya gwada labaran da su.

A ƙarshe, ya Edita, ina da roƙo gare ka kai tsaye. Ka ware ɗan fili a jaridar nan, ko da rabin shafi ne sau ɗaya a mako, inda masu karatu za su aiko da tsohon hoton makaranta ko kasuwa ko hawan Sallah ko ayarin alhazai wanda ba su san mutanen cikinsa ba, a buga shi, waɗanda suka gane wani su rubuto su faɗa, a buga amsar a mako na gaba. Idan ka amince, ina da hoton wani aji na tsohuwar makarantar Midil ta Katsina wanda na san mutum biyu kacal a cikinsa, kuma a shirye nake in aiko da shi a fara da shi.

Wassalam. Na gode da ba ni wannan fili.

Naka mai karatu,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Katsina.